Takardu Biyar na Kowane Ɗaurarre

A watan Nuwamban 2022 wata kotun tarayya a Los Angeles ta yanke wa Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ɗaurin wata 135. Gidajen rediyonmu suka lissafa suka ce shekara 11 ke nan da wata uku, majalisun hira kuma suka ɗauka, wasu na cewa an yi masa sassauci, wasu na cewa an tsananta. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne mudun da ake awon da shi. In ka ce hukunci ya yi nauyi, a kan na wa ya yi nauyin? Wa ya san abin da aka yi wa sauran waɗanda suka aikata irin laifinsa? Ashe akwai wanda ya sani. Gwamnatin Amurka na da hukuma guda da ke bin sawun duk wani babban hukunci da kotunan tarayya suka yanke, ta karɓi takardunsa, ta karance su, ta zuba cikin ƙididdiga. Saboda haka da aiki ya kai ni New York, sai na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Washington don in ga inda ake wannan ƙirga.

Tafiyar awa uku ce da 'yan kai. Jirgin ya nutse ƙarƙashin kogin Hudson ya ɓullo a New Jersey, ya ratsa Philadelphia da Wilmington da Baltimore. Dab da shiga Baltimore sai ga bayan gidajen jan bulo jere da layin dogo, wasu an toshe tagoginsu da katako, wasu da shanya a tsakar gida. Da yawa cikin waɗanda takardunsu ke tafiya inda na nufa daga irin waɗannan unguwanni suka fito.

In ka fito ta ƙofar gaba ta babbar tashar Washington, ginin majalisa mai farar ƙubba na fuskantarka, kowa can yake kai ido. Ni hagu na waiga. Nan jikin tashar akwai wani gini mai zauren gilashi, an shuka gora a cikinsa ta yi tsayi ta nufi rufi. An gama shi a 1992, aka sa masa sunan Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. A ciki ofishin gudanar da kotunan tarayya yake, da cibiyar bincike da horar da alƙalai, da kuma Hukumar Tsara Hukunci ta Amurka, wadda ita na zo nema. Babu motar fursuna a ƙofa, babu dangi suna kuka. Ma'aikata ne kawai da katin shaida rataye a wuya, riƙe da kofin gahawa. Baƙo na iya halartar zaman da hukumar ke yi a bainar jama'a, amma inda ake karanta takardun ba wurin yawo ba ne, kuma dalilin a fili yake: cikinsu akwai sirrin rayuwar mutane, har da ciwon da suke fama da shi da abin da aka yi musu suna yara.

Asalin hukumar wata damuwa ce da ta daɗe tana cin alƙalai da kansu. A 1973 wani alƙalin tarayya a New York, Marvin Frankel, ya fitar da littafi yana kukan cewa doka ta sakar wa alƙali mara fiye da kima wajen yanke ɗauri, ba ya bin wata ƙa'ida, ba ya ba kowa dalili. Shekara ta zagayo aka yi gwaji: aka ba alƙalai 50 na yankin New York da maƙwabtanta fayil iri ɗaya, aka ce kowa ya faɗi hukuncin da zai yanke. A wata shari'ar ƙwace ta hanyar barazana, wani ya ce shekara 3, wani ya ce shekara 20. Mutum ɗaya, laifi ɗaya. Wannan ya sa Sanata Edward Kennedy da Sanata Strom Thurmond, waɗanda ba su cika shan inuwa ɗaya a siyasa ba, suka haɗu a kan doka ɗaya, Shugaba Reagan ya sa mata hannu a 1984. Dokar ta kafa hukuma mai kwamishinoni bakwai, shugaban ƙasa ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Aƙalla uku sai sun kasance alƙalan tarayya, kuma ba a yarda fiye da huɗu su fito daga jam'iyya ɗaya ba. Tun aikinsu na farko da ƙirga suka soma: suka zauna da cikakkun rahotannin shari'u wajen 10,000 da aka riga aka yanke, suka duba abin da alƙalai suka saba yi, a kansa suka gina jadawalin da ya fara aiki ranar 1 ga Nuwamban 1987.

Jadawalin shafi ɗaya ne tak. Daga sama zuwa ƙasa matakan nauyin laifi 43, daga hagu zuwa dama rukunai shida na tarihin laifin mutum. Inda layin biyu suka haɗu, nan gidanka yake, kuma kowane gida da watanni aka rubuta shi: daga sifili zuwa 6 a kusurwar sama, ɗaurin rai da rai a layin ƙasa. Wannan ne ya sa alƙalin Hushpuppi ya yi magana da watanni.

Na ga cewa ba zan fahimci takardun ba sai na ga inda ake haifarsu, don haka washegari na taka da ƙafa zuwa kotun tarayya da ke kan titin Constitution. Bayan binciken ƙofa kowa na iya shiga ya zauna a benci. Na tarar da zaman yanke hukunci na wani saurayi da aka kama da bindiga alhali tsohon laifinsa ya haramta masa riƙe ta. Ya riga ya amsa laifi watanni kafin nan. Mahaifiyarsa na zaune a layin gabana, ta rungume jaka a ƙirji. Alƙalin, da baƙar riga ba gashin doki a ka, ya fara da lissafi, a hankali kamar yadda doka ta ɗora masa. Laifin na mataki na 20. An rage uku saboda ya amsa da wuri bai wahalar da kotu ba, saura 17. Tsofaffin laifukansa sun sa shi a rukuni na uku. Gidansa a jadawali wata 30 zuwa 37. Ya tambayi lauyoyin biyu ko akwai mai ja da lissafin, suka ce babu.

Daga nan sai zancen ya bar lamba ya koma kan mutum. Lauyan gwamnati ya yi magana kan yadda bindiga ke cin rayuka a birnin. Lauyar saurayin ta kawo batun aikin da ya samu kafin a kama shi da 'yarsa ƙarama. Shi ma aka ba shi dama, ya miƙe ya ba mahaifiyarsa haƙuri, muryarsa na rawa. Alƙalin ya yi dogon bayani, ya ɗaure shi wata 24, bayan ya fito kuma a sa masa ido shekara uku. Uwar ta sunkuyar da kai. Mu muka watse, amma a wajen magatakardan kotu lokacin aiki ya soma, domin daga ranar da aka shigar da hukuncin doka ta ba kotu kwana 30 ta aika da takardu biyar zuwa ginin nan mai gora, kuma babban alƙalin gunduma ne ke da alhakin ganin an aika. Gundumomin shari'a na tarayya 94 ne, daga Maine har tsibirin Guam, duk a kan wannan ƙa'ida suke.

Na ji kwana 30 ɗin sai na tuna gida. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Nijeriya ta 2015 ita ma ta ce a kai hukuncin kowace shari'ar laifi rumbun bayanai na 'yan sanda cikin kwana 30. Ashe rubuta ƙa'idar ba ita ce mai wuya ba. A Amurka abin da ke sa a bi ta shi ne hukumar na kwatanta abin da ta karɓa da rajistar ofishin kotuna, ta bi sawun wanda ya ɓace, kuma doka ta wajabta mata ta faɗa wa majalisa duk shekara gundumomin da suka yi sakaci. Ba alƙalin da ke son a karanta sunan gundumarsa a wannan jeri.

Takarda ta farko ita ce ta tuhuma. Ta biyu yarjejeniyar amsa laifi, in an ƙulla. Ta uku takardar hukuncin kanta. Ta huɗu fom ne da alƙali ke cikewa ya bayyana dalilinsa, musamman in ya sauka ƙasa da jadawali ko ya haura sama, kamar yadda na kotunmu ya sauka daga 30 zuwa 24. Ta biyar, wadda ta fi su kauri da nauyi, rahoton da jami'in binciken kotu ke rubutawa kafin ranar hukunci.

A kan wannan rahoton na fi daɗewa, albarkacin wani ɗan zangon Kumasi mai tuƙa tasi da muka haɗu a masallacin Juma'a na titin Massachusetts. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce, "Malam, ai maƙwabciyata wannan aikin ta yi har ta yi ritaya, bari in kai ka." Dattijuwa ce baƙar fata, ta karɓe mu a falonta da shayi. Ta bayyana mini cewa jami'in ba na 'yan sanda ba ne, ba kuma na lauyan gwamnati ba, ma'aikacin kotu ne. Yana zama da mai laifi ya tambaye shi tun daga haihuwa: wa ya rene shi, ina ya tsaya a karatu, wane aiki ya taɓa yi, yana shan wani abu, akwai taɓin hankali, mutum nawa yake ciyarwa. Sai ya tabbatar da abin da ya ji ta hanyar kiran dangi da neman takardun makaranta da na asibiti da na tsofaffin kotuna. Shi ne kuma ke fara buga lissafin jadawali. Ana ba ɓangarorin biyu rahoton aƙalla kwana 35 kafin hukunci, suna da kwana 14 su kawo ƙorafi. Abin da ta fi nanatawa shi ne kuskure ɗaya a wannan takarda ba ya tsayawa a kotu: yana bin mutum gidan yari, domin da ita ake duba inda za a ajiye shi, sannan ya bi shi cikin ƙididdigar ƙasa.

A can ofishin hukumar takardun ta intanet suke isowa. A shekarar kuɗi ta 2023, wadda ke farawa 1 ga Oktoba ta ƙare 30 ga Satumba, mutum wajen 64,000 aka yanke wa hukunci, abin da ke nufin takardu kusan 300,000. Ma'aikata ne ke buɗe kowane fayil su karanta, su tsamo abin da ake so su shigar a kwamfuta: shekarun mutum, jinsinsa, launin fatarsa, ɗan ƙasa ne ko baƙo, iliminsa, sashen dokar da ya karya, nau'in ƙwayar da nauyinta, yawan kuɗin da aka damfara, ko akwai makami, makin tsofaffin laifukansa, watannin da aka ba shi, da dalilin alƙali. Aiki ne irin na tsintar tsakuwa a shinkafa, sai mai haƙuri, kuma ana sake tacewa don kama inda lambobi suka saɓa wa juna. Daga nan ake fitar da littafin ƙididdiga na shekara, da rahoton wata uku-uku, da kundin bayanan da kowa ke iya saukewa kyauta, an cire sunan mai laifi da na alƙali. Tun 2021 akwai ma wata manhaja da alƙali ko lauya ko ni da kai za mu shiga mu zaɓi laifi da mataki da rukuni, ta nuna matsakaicin ɗaurin da aka ba masu irin wannan hali a shekaru biyar da suka wuce. Tambayar majalisun hirarmu ke nan, an ba ta amsa da lamba.

Wani zai ce duk wannan wahala ta mece ce. Labarin hodar iblis ya isa amsa. A 1986, cikin firgicin da ƙwaya ta jefa ƙasar, majalisa ta yi doka: wanda aka kama yana fataucin giram 5 na dafaffiyar hodar da ke dunƙulewa kamar tsakuwa, wadda suke kira kirak, shekara biyar ne mafi ƙarancin ɗaurinsa, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar. Ninki 100, alhali sinadarin ɗaya ne. Mutanen unguwannin baƙar fata sun san abin da ke faruwa da 'ya'yansu tun da wuri, amma kukan uwa ba ya zama hujja a zauren majalisa. Hukumar ce ta zo da hujjar. Rahotonta na 1995 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda ake ɗaurewa kan kirak baƙar fata ne, kuma galibinsu ba manyan dillalai ba ne. Kwamishinoni suka kaɗa ƙuri'a huɗu da uku a daidaita hukuncin, majalisa ta yi fatali da shawarar, Shugaba Clinton ya sa hannu a kan ƙin. Hukumar ta sake komawa a 1997, da 2002, da 2007, kowane zuwa da sababbin alƙaluma. Sai a 2010 aka rage tazarar zuwa ninki 18, sai kuma a 2018 aka yarda sassaucin ya shafi waɗanda aka ɗaure tun kafin nan. Shekara 15 tsakanin rahoton farko da gyaran doka. Duk sanda na lissafa yaran da suka girma ba uba a gida cikin waɗannan shekaru sai raina ya ɓaci, amma ban ga yadda za a yi gyaran ya zo ba in da babu mai ƙirgawa.

Ƙirgar ba ta tsaya a ƙofar gidan yari ba. Da hukumar ta rage matakin laifin kirak a 2007 aka saki wasu da wuri, sai ta bi sawunsu ta rumbun bayanan hukumar FBI, ta tarar ba su fi waɗanda suka cika wa'adinsu komawa laifi ba. Wannan ya ƙarfafa mata gwiwa a 2014 ta rage wa laifukan ƙwaya gaba ɗaya mataki biyu, fursunoni fiye da 30,000 suka samu ragi. A lokacin Ketanji Brown Jackson, wadda yanzu take Kotun Ƙoli, na cikin mataimakan shugaban hukumar.

Alƙaluman ba su bar alƙalai ma ba. Tun shari'ar Booker ta 2005 Kotun Ƙoli ta ce jadawalin shawara ne, dole alƙali ya lissafa shi amma ba dole ya bi ba, kuma a shekarar kuɗi ta 2023 hukuncin da ya faɗa cikin gidan jadawali bai kai rabi ba. Wani rahoton 2019 da ya duba birane 30 ya nuna cewa a cikin ginin kotu ɗaya, tsawon ɗaurinka na iya dogara da alƙalin da rabo ya haɗa ka da shi. Rahoton 2023 kuma ya nuna cewa, bayan an daidaita nauyin laifi da tarihin mutum, maza baƙar fata na samun ɗaurin da ya zarce na fararen fata da kashi 13.4 cikin 100, 'yan asalin Latin Amurka da kashi 11.2, kuma babban wurin da bambancin ke shiga shi ne wajen zaɓen wanda za a bari ya yi zaman talala a gida da wanda za a tura kurkuku. Gwamnati ce da kuɗinta ta buga wannan a kan kotunanta. Na jinjina musu a kan haka. Har daga farkon 2019 zuwa Agustan 2022, lokacin da rikicin siyasa ya bar hukumar ba isassun kwamishinonin da za su zartar da komai, ma'aikatan ba su daina karɓar takardu ba, don haka babu giɓi a lissafin waɗannan shekaru lokacin da Alƙali Carlton Reeves na Mississippi ya karɓi shugabanci.

Sai dai akwai abin da idon hukumar ba ya kaiwa, kuma da shi na yi ta juyi a masaukina. Kotunan tarayya kaɗai take gani, alhali wajen ɗaya ne cikin takwas na fursunonin ƙasar ke hannun tarayya. Sauran na jihohi ne, kowace da dokarta da yadda take ajiye bayanai. Ƙananan laifuka ma ba a kawo mata su, ciki har da tsallaka iyaka ba izini a karon farko, wanda aka sha gurfanar da mutane gungu-gungu a kansa a kotunan kan iyakar Meziko. Waɗannan duk giɓi ne da aka sani.

Giɓin da ya fi damuna yana cikin takardun biyar ɗin da kansu. Kusan kashi 97 cikin 100 na waɗanda ake yanke wa hukunci amsa laifi suke yi, ba a kai ga kiran shaidu. Ma'anarsa, kafin alƙali ya ga fuskar mutum an riga an gama ciniki a ofishin lauyan gwamnati. Shi ke zaɓen tuhumar da za a shigar da wadda za a janye. Shi ke yanke shawarar a saka sashen dokar da ke ɗauke da ɗaurin dole na shekara biyar ko goma, wanda ke ɗaure hannun alƙali. Shi kaɗai ke da ikon roƙon kotu ta sassauta wa wanda ya tona abokan harkarsa, kuma ƙaramin ɗan aike sau da yawa ba shi da wanda zai tona, babban dillali ne ke da sunaye. Saurayin da na gani, da a kotun birni aka kai shi maimakon ta tarayya, da wani lissafi dabam aka yi masa, kuma wannan zaɓin ma ba alƙali ne ya yi ba. Hukumar na ganin tuhumar da aka shigar da yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Ba ta ganin wanda aka kama da irin wannan laifin aka sallame shi, ba ta ganin tayin da aka yi wa wani aka hana wani. Dattijuwar nan ta tabbatar mini cewa a shekarunta na aiki ta sha rubuta rahoton mutum biyu da suka aikata abu ɗaya, amma tun daga takardar tuhuma hanyarsu ta rabu.

Doka ta tilasta wa alƙali ya cike fom ya faɗi dalilin kowane wata da ya ƙara ko ya rage, a aika cikin kwana 30. Lauyan gwamnati, wanda galibi shi ne ya shata iyakar hukuncin, babu takarda irin wannan a kansa cikin biyar ɗin da ake kai wa hukumar. Majalisar da ta wajabta biyar ita ke da ikon ƙara ta shida, kuma a ganina ya kamata ta ƙara.